Me ya sa sai a watan Yuli suke rufe hanyar gandun daji don zuba kwalta?

"Assalamu alaikum Injiniya. Muna zaune a jihar Washington ta Amurka. Ranar Asabar na kwashi yara muka nufi wani gandun daji na gwamnatin tarayya, inda muka saba ajiye mota mu hau dutse a ƙafa. Bayan tafiyar fiye da awa ɗaya sai ga shinge, ga allo wai ana sabunta kwalta, hanya da wurin ajiye motoci na bakin turba duk a rufe har makonni. Abin da ya ɗaure min kai, duk tsawon shekara ba su tashi aiki ba sai yanzu da gari ya yi kyau yara suna hutu? In titi ake gyarawa, me ya haɗa shi da wurin fakin? Da na ajiye motar a gefen titi muka ƙarasa a ƙafa, laifi ne? Ga shi kuma na biya kuɗin katin shekara."

Wa alaikumus salam Hajiya. Sannu da hanya, a ba yara haƙuri. Abu huɗu kika tambaya: lokacin da aka zaɓa, rufe wurin fakin, tsallake shinge, da kuɗin kati. Ni aikina titi ne, na daɗe ina duba aikin 'yan kwangila a hanyoyin duwatsun wannan yanki, saboda haka ta ɓangaren masu hular kwano zan yi miki bayani. Ranar rufewa da ranar buɗewa kuwa ba injiniya ke yanke su ba. Shugaban gandun dajin ne ke sa hannu a takardar, kuma a kan hanyar da kika je, abin da takardarsa ta ce shi ne magana.

Hanyoyin da katako ya gina

Bari in fara da batun kuɗi, don shi ne tushen sauran. Hukumar gandun daji ta Amurka, wadda aka kafa a 1905 a ƙarƙashin ma'aikatar gona, tana riƙe da dazuzzuka 154, kuma hanyoyin da ke cikinsu sun kai wajen mil 370,000. Wato sun ninka manyan titunan da suka haɗa jihohin ƙasar fiye da sau bakwai. Yawancinsu ba don masu shan iska aka yi su ba. Motocin ɗaukar gungume aka yi wa su, kuɗin katako ne ya gina su, shi ne kuma yake kula da su. Da aka sa wata mujiya mai ɗigo-ɗigo cikin jerin halittun da doka ke karewa a 1990, aka kuma kawo sabon tsarin dazuzzukan arewa maso yamma a 1994, sai saran itace ya ja baya ƙwarai. Zuwa farkon shekarun 2000 abin da ake sarewa a dazuzzukan tarayya bai kai rubu'in na ƙarshen shekarun 1980 ba. Masu katako suka tafi da kuɗinsu, hanyoyin suka zauna, motocin masu yawo kuma suka yi ta ƙaruwa a kansu.

Ɗauki dajin Mount Baker-Snoqualmie da ke gabas da Seattle, wanda ya miƙe daga iyakar Kanada har gindin dutsen Rainier. A 2013 hukumarsa ta fito ta gaya wa jama'a cewa tana da hanyoyi wajen mil 2,500, amma kuɗin da take samu na kula da kusan rubu'insu ne kawai. A dajin ne kuma ambaliyar 2003 da ta 2006 suka cinye hanyar kogin Suiattle, motoci ba su sake kaiwa ƙarshenta ba sai a 2014. Don haka in kika ga shinge da allon kwalta, hanyar tana cikin 'yan kaɗan da rabonsu ya tsaga. Shingayen sun ƙaru bayan 2020 ne saboda dokar Great American Outdoors Act ta watan Agustan 2020, wadda ta ware har dala biliyan 1.9 a shekara na tsawon shekara biyar don gyaran da aka daɗe ana ɗagewa a filayen gwamnati, kashi 15 cikin 100 na hukumar gandun daji.

Katinki kuwa, in Northwest Forest Pass ne na dala 30, ba ya zuba kwalta. Kuɗinsa na kwashe shara ne, da banɗaki, da alluna, da gyaran turbar ƙafa, kuma dokar 2004 ta ce aƙalla kashi 80 cikin 100 ya zauna a inda aka karɓe shi. Mil ɗaya na sabuwar kwalta yana cin ɗaruruwan dubban daloli, sai ki lissafa kati nawa ke nan. Katin bai yi miki alkawarin wata turba takamaimai ba, amma bai faɗi ba, yana aiki a sauran bakin turbobin dazuzzukan tarayya na Washington da Oregon.

Kwalta ba ta son sanyi, ba ta son ruwa

A gida 'yan kwangila suna aiki da rani, damina ta sauka su naɗe kayansu. Nan ma dalilin ɗaya ne, sai dai ranin duwatsun Cascades gajere ne, kuma ya faɗo daidai kan hutun yara. Yuli da Agusta su ne watannin da suka fi bushewa. Akwai wurare a yammacin duwatsun da ruwan shekara ke haura inci 100. Ƙanƙara kan kai watan Yuni a kwance a kan hanyoyin sama, ƙarshen titin dutsen Baker ma sau da yawa sai ƙarshen Yuni ko cikin Yuli ake gama share shi. A dutsen nan ne ƙanƙara ta zuba inci 1,140 a hunturun 1998 zuwa 1999. Ko ta narke, ƙasan titin a jiƙe yake sharkaf, in aka ɗora masa tifa cike da kaya a lokacin, lotsawa zai yi.

Ita kwaltar tana barin injin dafawa da zafin da ya kai wajen digiri 150 a ma'aunin Selshiyos, kuma dole rola ta gama danne ta kafin ta huce zuwa wajen 80. Ƙasa da haka ta sandare, ko rola ta kwana a kanta ba za ta ƙara haɗuwa ba. Shimfiɗar inci biyu a kan ƙasa mai sanyi, a ƙarƙashin inuwar dogayen itatuwa, mintuna kaɗan take ba ka, wani lokaci ba su kai ashirin ba. Injin dafawar kuma yana can gari, tifa za ta yi awa guda ko fiye tana hawa. Abin da na fi yi a wurin aiki shi ne in tsaya a bayan tifa a ɗaga tamfol, in soka ma'aunin zafi a tsakiyar kaya sannan in soka a kusurwa. Tsakiya tana tururi, kusurwa ta yi ɓawo baƙi mai tauri da ke fashewa gunduwa-gunduwa. In gunduwoyin nan suka shiga shimfiɗa ba su narke ba, nan ne ramin farko zai buɗe bayan hunturu biyu. Kwaltar da ba ta dannu ba tana da 'yan ƙofofi, ruwa ya shiga, dare ya yi ya daskare ya kumbura, rana ta yi ya narke, haka har ta ruguje. Lissafin da muke riƙewa shi ne, duk kashi ɗaya cikin 100 na iskar da ta wuce ƙa'ida a cikin kwalta yana rage kusan kashi goma na rayuwar titin. Saboda wannan ne ƙa'idar hukumar sufurin jihar Washington ta hana zuba shimfiɗar sama daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Maris sai da rubutaccen izinin injiniya, a gari ke nan ma, balle a kan dutse.

Akwai kuma aiki mai araha da aka fi yi a hanyoyin daji: a fesa ruwan kwalta, a watsa tsakuwa a kai, a danne da rola mai tayar roba, bayan kwanaki a share wadda ba ta kama ba. Wannan ya fi tsoron yanayi. Yana son titi busasshe mai ɗumi da rana mai ƙarfi, ruwan sama guda a ranar da aka fesa ya isa ya wanke aikin ya kai shi cikin rafi.

Wannan taga da ta riga ta yi ƙanƙanta, wasu dokoki suna ƙara tsuke ta. Ba mai hankalin da zai zuba sabuwar kwalta a kan ruɓaɓɓen kwalbati, sai an fara canza shi. In rafin yana da kifin salmon, ba a taɓa ruwansa sai a 'yan makonnin da hukumomin kifi suka ware, galibi tsakiyar bazara, lokacin da babu ƙwai ko 'ya'yan kifi a cikin tsakuwar rafin. Akwai wani tsuntsun teku da ake kira marbled murrelet, mai abin mamaki, yana kiwo a teku amma yana sheƙa a kan rassan tsofaffin itatuwa can cikin daji, har sai a 1974 aka fara gano sheƙarsa a kan bishiya. Da asuba da magariba yake kawo wa ɗansa abinci, don haka a kusa da inda yake sheƙa, daga Afrilu zuwa Satumba, injuna masu ƙara ba sa tashi sai awa biyu bayan fitowar rana, su kuma tsaya awa biyu kafin faɗuwarta. In Agusta ta zo da fari, dokar kare gobarar daji kan hana wasu injuna aiki daga ƙarfe ɗaya na rana zuwa takwas na dare, in abin ya yi tsanani a tsayar da komai. Ki cire ƙanƙara, ki cire ruwa, ki cire kifi da tsuntsu da wuta, abin da ya rage wa ɗan kwangila makonni ne, kuma su ne makonnin da kike so.

Wurin fakin da faɗin hanya

Yawancin hanyoyin daji layi ɗaya ne, faɗinsu ƙafa 12 zuwa 14, da 'yan wuraren kaucewa jefi-jefi. Injin shimfiɗa shi kaɗai yana cin ƙafa goma. Gefe ɗaya dutse, gefe ɗaya kwari. A titin gari ana rufe hannu ɗaya a bar ɗaya, nan babu hannu na biyun da za a bari. In kwalbati ake canzawa kuwa, rami ne aka haƙa ya ratsa hanyar daga wannan gefe zuwa wancan, ko keke ba zai wuce ba.

Wurin ajiye motoci na bakin turba sau da yawa shi ne kaɗai fili shimfiɗaɗɗe mai faɗi a tsawon mil da yawa. Nan ake jibge tsakuwa, nan gireda da rola da tankin ruwa ke kwana, nan ake ajiye bututun kwalbati. Mafi muhimmanci, nan tifa ke juyawa. Tifar da ta sauke kaya ba ta da inda za ta juya sai can, in ba haka ba direba ya yi ta tafiya da baya a bakin kwari. Wani lokaci shi kansa filin yana cikin kwangilar, za a shimfiɗa masa kwalta a ja layuka, ko a canza banɗakin. Sabuwar kwalta a filin fakin ta fi ta titi jinkirin karɓar mota, domin a titi taya wucewa take yi, a fili kuwa direba yana tsaye yana murɗa sitiyari, tayar ta murje fuskar kwaltar ta bar tabo.

Akwai dalilin da mutane ba sa kawowa a rai, shi ne masu kwana a daji. Na taɓa isa wani fili da sassafe ranar da za a shimfiɗa shi, muka tarar da wata ƙaramar mota a tsakiya, raɓa ta rufe gilasanta, kati na rataye a madubi, a kujerar baya ga takalman gida da ledar burodi. Mai ita ya shiga daji tun kafin a kafa shinge, zai yi kwanaki, babu waya a wurin balle a kira shi. Tifofi sun riga sun taso da kaya mai zafi. Janwe daga gari sai ya ci rabin yini, in kuma aka ja motar, mutumin zai fito daga daji a gajiye ya tarar ba mota ba sabis. Haka aka zagaye ta da kwalta aka bar gurbinta, daga baya aka dawo aka yi faci, facin da zai riga ko'ina lalacewa a filin. Wannan ne ya sa za ki ga an rufe wurin fakin kwanaki kafin ki ga ko injin guda, mutane suna cewa an rufe ba a komai. Jira ake na ciki su fito.

Kina iya cewa, to a riƙa buɗewa lokaci-lokaci mana. Ana yi. Wani wuri motar jagora ke wucewa da ayari kowane rabin awa ko awa, wani wuri a rufe ranakun aiki a buɗe ƙarshen mako. Haka aka yi a hanyar Middle Fork ta kogin Snoqualmie kusa da North Bend, da hukumar manyan hanyoyi ta tarayya da ƙaramar hukumar King suka shimfiɗa wa kusan mil 10 nata kwalta daga 2014 zuwa 2017. Amma kowace buɗewa tana da farashi. Duk ranar Juma'a sai an cike ramuka, an kwashe injuna, an gyara hanya yadda ƙaramar mota za ta bi, Litinin a sake warwarewa. Duk tsayuwar da injin shimfiɗa ya yi don ayari ya wuce, kwaltar da ke cikinsa tana hucewa, wurin kuma ya bar tudu. Ni dai a ra'ayina, in hanyar gajera ce kuma ba mai gida a ƙarshenta, gara a rufe ta ruf na mako uku a gama, da a yi ta ja har bazara biyu. Inda nake ganin ana gazawa shi ne sanarwa. Allon da aka kafa a bakin shinge bai amfani wanda ya riga ya ƙona mai na awa guda ba, wurinsa can ne a mararrabar da ake barin babban titi.

Ajiye mota a gefe a ƙarasa a ƙafa

Wannan ya danganta da abin da takardar rufewar ta ce, kuma iri biyu ce. Wata motoci kawai ta hana, mai ƙafa da mai keke suna iya wucewa. Wata kuma ta hana shiga kwata-kwata, har da ƙafa. Akan liƙa takardar da taswirarta a jikin shingen, tana kuma shafin intanet na dajin. Wurin da ake aikin kwalta da tifofi, yawanci nau'i na biyu ne a lokutan aiki. Saɓa ta laifi ne a dokar tarayya, hukuncinsa na iya kaiwa tarar dala 5,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. A aikace takardar tara mai sauƙi aka fi bayarwa, amma ta kotun tarayya ce, ba abin da baƙo a ƙasa zai so ya gani da sunansa ba.

Ko da an yarda da mai ƙafa, da yara ban ba ki shawara ba. Direban tifa da ke gangarowa a kwana ba ya tsammanin mutum, mai rola rabin aikinsa da baya yake yi, sabuwar kwalta kuma tana ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi mai laushi. Motar da aka ajiye a gefen hanya mai layi ɗaya kan toshe wurin kaucewa, wanda shi ne hanyar tifa, shi ne kuma hanyar motar asibiti da masu ceto in wani ya faɗi a dutse. Kada a tare ƙyauren shinge ko da kin ga ba kowa. A watan Agusta kuma kada a faka a kan busasshiyar ciyawa, zafin salansa yana tayar da wuta.

Bayan an buɗe

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka daren Juma'a ki duba shafin dajin wurin sanarwa da halin hanyoyi, ko ki buga wa ofishin shiyya waya a ranar aiki, irin na North Bend ko Darrington. Shafin ƙungiyar Washington Trails Association yana da amfani ƙwarai, masu tafiya ne ke rubuta abin da suka gani jiya da shekaranjiya, har da halin hanya. Ki sauke taswira a waya tun daga gida, ki kuma riƙe turba ta biyu a wata hanyar dabam, domin turbobin da ke kan hanya ɗaya tare ake rufe su. Ranar buɗewa da aka rubuta a allo ki ɗauke ta a matsayin fata, ruwan kwana biyu ko dokar gobara suna iya tura ta gaba. A lura da kati ma: wasu bakin turbobin, kamar na Mailbox Peak a farkon hanyar Middle Fork, filin jiha ne, katin Discover Pass suke bi, na tarayya ba ya aiki a wurin.

In tsakuwa aka watsa, makon farko a tafi a hankali a bar tazara mai yawa da motar gaba, tsakuwar da ba ta kama ba ita ke fasa gilashi. Kuma kada ki sa rai wurin fakin zai yi sauƙi don an gyara hanya. Lokacin da Middle Fork take burji mai ramuka da gargada, masu manyan motoci ne suka fi shiga. Da aka zuba kwalta kowace ƙaramar mota ta samu hanya, jama'a suka yi yawa, filayen suka riƙa cika tun da safe a ƙarshen mako. Hanyarku ma abin da zai same ta ke nan a bazarar farko. In ranar Asabar ce a isa kafin takwas, ko a bari sai bayan azahar lokacin da 'yan sammako ke fitowa. Wasu turbobin kusa da Seattle, irin na dutsen Si, akwai bas ɗin Trailhead Direct da ƙaramar hukumar King ta fara a 2017, yana kai mutane ranakun ƙarshen mako a lokacin bazara, sai a duba jadawalinsa na bana kafin a fito da yara.